Farin Yashi, Farar Toka: Musayar Baitoci Kan White Sands

Mai Tawada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu alƙalami. Maudu'inmu yau White Sands ne, filin da sojan Amurka ke gwajin makamai masu linzami a hamadar New Mexico. Na buɗe da ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Mai karɓa ya riƙe ko ya sauya, amma ya sanar.

Bismillahi da shi nake buɗewa,
Sarkin da ya shimfiɗa yashi ba aunawa.

Akwai wani fili can a ƙasar Amurka,
Kudancin New Mexico, rana na ƙonawa.

Murabba'in mil 3,200 ne faɗinsa,
Ido ya gaji, mai doki bai kewayewa.

Ran 9 ga Yulin 1945 aka kafa shi,
Soja suka ja waya, suka ce ba shigowa.

Kwana 7 tsakani, da jijjifin asuba,
Wata rana ta ɓullo, ba ta gabas ke fitowa.

Trinity suka sa wa gwajin, bam na ƙare-dangi,
Hasumiyar da ya hau ta narke sai ɗan ragowa.

Yashi ya koma koren gilashi don zafi,
Mako uku bayan nan Hiroshima ke kokawa.

Ɗan Sama-jannati:
Wa alaikumus salam Baba. Na karɓa da ladabi, na riƙe "wa". Sai dai ka tsaya kan bam, ka bar roka.

Baba Malam, na rusuna na karɓa,
Filin nan ba wuta kaɗai yake haifarwa.

Rokar V-2 da aka kwaso daga Jamus,
A nan ta koyi duban sama da hawawa.

Oktoban 1946 aka ɗaura mata kyamara,
Ta haura mil 65 kafin faɗowa.

Ta daki ƙasa ta yi kaca-kaca,
Fim a kwanson ƙarfe ya tsira daga fashewa.

Ranar ɗan Adam ya ga hoton duniyarsa,
A lanƙwashe, kamar ƙwaryar da ake kifewa.

Ƙananan ƙudaje ma sun riga mu zuwa can,
A 1947 suka je, da ransu suka yi dawowa.

Kumbon Columbia, Maris ɗin 1982,
Kan farin yashin nan ya sami wurin saukowa.

Hajiya Uwar Jinya:
Ɗana, baitinka ya yi daɗi, Allah ya ƙara basira. Amma ka ɗaga kai sama ka manta da na ƙasa. Na sauya amsa-amo zuwa "ba", domin maganata duk ta abin da ba a yi ba ce.

Ɗana ka dubi sama ka hango kumbo,
Ba ka dubi waɗanda ke ƙasa ba.

Sun ce hamada ce, kango ne, ba kowa,
Ba su ƙirga mutanen Tularosa ba.

Da na Carrizozo, da Apache na Mescalero,
Ko ɗaya ba a ce masa ya kauce ba.

Da gari ya waye soja suka ba da sanarwa,
Wai rumbun harsasai ya fashe, ba wani abu ba.

Toka ta yi ta sauka a hankali,
Fara sol, ba wanda ya ce musu guba ce ba.

Ta kwanta kan rufi, ruwan sama ya wanko,
Ya zuba a tankin sha, ba a zubar ba.

Uwa ta ɗebo ta shayar da ɗanta,
Ta tatsi saniyar da ba ta bar kiwo ba.

Gashin bayan shanu ya ƙone ya yi fari,
Wannan kam ba ta ɓoyu ba.

Aka sayi shanun aka kai su a duba,
Ba a duba masu shanun ba.

Sankara ta shiga gida-gida tana ɗauka,
Uwa da 'ya, ba ta bar kaka ba.

Dokar diyya ta zo a 1990,
Ba ta ambaci mutanen Trinity ba.

Sai 2025 aka sa su, shekara 80 cif,
Da yawansu ba su ga ranar ba.

Ku yi haƙuri na tsawaita. Na daɗe ina jinyar masu sankara, na san yadda mutum ke ramewa har zobe ya zame daga yatsarsa. Shi ya sa ba na iya karanta labarin nan da sanyin zuciya.

Mai Tawada:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, ba ki tsawaita ba. Ɗana, ga wasu baitoci kan rokar taka, a amsa-amon Hajiya.

V-2 ɗin nan da kake yabo, ɗana,
Ba don taurari aka ƙera ta ba.

Fursunoni suka haɗa ta a ramin Dora, sansanin Nazi,
Dubbansu ba su fito da rai ba.

Ta faɗa kan Landan da Antwerp,
Ba ta tambayi yaro ko tsoho ba.

Von Braun, jagoran ƙera ta, ya sauya ubangida bayan yaƙi,
Amurka ta karɓe shi, ba ta kai shi kotu ba.

A 1947 wata ta ɓace ta tsallaka iyakar ƙasar Mexico,
Kusa da maƙabartar Juárez, ba a nufa can ba.

Bawan Garke:
Sannunku da ƙoƙari, iyaye da 'yan'uwa. Ni ba gwanin baiti ba ne, amma zancen shanu ya taso ni. Amsa-amona "ya".

Kafin waya akwai masu kiwo a wurin,
Da garke da injin iska da rijiya.

A 1942 aka ce su ba da aron ƙasa,
In yaƙi ya ƙare kowa zai komo, ba tankiya.

Yaƙi ya ƙare, waya ba ta tashi ba,
Aro ya zama ƙwace a idon duniya.

Gidan McDonald makiyayi, ɗakin da ake kwana,
Nan aka harhaɗa wa bam zuciya.

A 1982 tsoho Dave McDonald ya koma,
Da bindiga a hannu, yana neman gaskiya.

Yau mariri ke kiwo a makiyayarsu,
Daga Kalahari aka kawo shi, shi ke da sarauniya.

Baitin ƙarshe ya ɗan karkace, ku gyara mini. Nufina, an kori shanu an kawo baƙon dabba don masu farauta, ga shi ya hayayyafa ya cika wurin.

Ɗan Sama-jannati:
Yaya Bawa, bar shi haka, mun gane. Hajiya, Baba, na ji, kuma ban ji daɗin kaina ba. Amma ba zan janye duka ba.

Hajiya na sunkuyar da kai na ji ki,
Tankin ruwan nan ya hana ni runtsawa.

Hoton duniya dai yana nan, ina son sa,
Ba zan iya ce muku na daina ƙaunarsa ba kuwa.

Sai dai in na sake buɗe shi gobe,
Ƙasan hoton zan fara dubawa.

Har yau in za a harba, sai a tare hanya ta 70,
Matafiya su jira har a gama harbawa.

Wanda ya san tare mota don makami,
Ya san gargaɗin mutum tun ran farawa.

Autar Zaure:
Ni ce ƙarama, ku ba ni wuri in sa baki. Kowa ya tsaya kan 1945, ni zan koma baya. A gandun farin yashin da filin ya kewaye, masana sun gano sawun mutane a busasshen tafki, wasu an kiyasta shekarunsu 21,000 zuwa 23,000. Akwai kuma wani dogon sawu daban da ya fi kilomita 1, na mai ɗauke da yaro. Amsa-amona "ta".

Wata ta bi gaɓar tafki tana sauri,
Laka tana kama tafin ƙafarta.

Ɗa a kwankwaso, nauyi ya karkata gefe,
Sawun ya nuna inda santsi ya ja ta.

Nan da can sai ga ƙananan sawu biyu,
Ta sauke shi ta huta hannunta.

Giwar zamanin da ta ratsa ta wuce,
Ta taka sawun, ba ta ko kula ta.

Da ta juyo ta biyo hanyar da ta bi,
Babu alamar yaro a tare da ita.

Hajiya, wa ta kai wa shi a can gaba?
Na bar miki baitin, ki karɓa mini, uwata.