Yaron Ostareliya ɗan shekara 14 da ya mutu a yaƙin Galifoli, wa ya bar shi ya tafi?

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masana tarihi ku raba mana gardama. A majalisarmu wani ya kawo zancen wai a yaƙin duniya na ɗaya akwai yaro ɗan Ostareliya mai suna Jim Martin da ya shiga soja yana shekara 14, har ya je bakin daga ya mutu a can. Musu ya kaure, wasu suna cewa ƙaryar intanet ce kawai, turawan da kowa ke da takardar haihuwa ta yaya za su ɗauki yaro ƙarami haka. Ni kuma abin ya tsaya min a rai sbd ƙanena shekarunsa kenan, ko Kwari Hajiya ba ta yarda ya je shi kaɗai balle wata ƙasa. To gaskiya ne? In gaskiya ne ina iyayensa suke, kuma harbinsa aka yi ko me?

Malam na Gwale:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya ne, ba ƙirƙira ba ce. James Charles Martin sunansa, an haife shi ran 3 ga Janairu 1901, kuma shi ne mafi ƙarancin shekaru da aka sani cikin 'yan Ostareliya da suka mutu a wannan yaƙin. Ya sa hannu a Melbourne ran 12 ga Afrilu 1915, ya ce musu shekararsa 18. Yaron yana da tsawo da jiki, ya yi aikin gona, kuma tun a makaranta ya saba da fareti don a lokacin dole ne yara maza su yi atisayen soja daga shekara 12, to masu ɗauka ba su tsaya tone-tone ba, mutane suke nema ido rufe.

Ka lura da ranar fa. Sojojin Ostareliya da na New Zealand ba su sauka Galifoli, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, ba sai 25 ga Afrilu, wato lokacin da ya shiga jaridu ba su fara cika da sunayen gawarwaki ba, yara suna ganin abin kamar yawon buɗe ido ne da kaki da bindiga. Aka sa shi cikin bataliya ta 21, ƙarshen Yuni suka tashi zuwa Masar aka ƙara musu horo. Daga nan aka loda su a jirgin ruwa mai suna Southland, ran 2 ga Satumba jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin teku ya harbe su kusa da tsibirin Lemnos, yaron nan ya yi sa'o'i cikin ruwa kafin a tsamo shi, kuma duk da haka bayan kamar mako ɗaya sai ga shi a ramukan Galifoli.

Ba harsashi ne ya kashe shi ba, taifot ce. Wajen sati bakwai ya yi a can, ran 25 ga Oktoba aka kai shi jirgin asibiti Glenart Castle jiki duk ya ƙare, a ranar zuciyarsa ta tsaya. Shekara 14 da wata 9. A teku aka saka gawarsa, ba shi da kabari.

Maman Khairat:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam bari in sa baki kan maganar iyayen, don na san yanzu za a fara cewa wace irin uwa ce wannan. Doka a lokacin duk wanda bai kai 21 ba sai iyaye sun rubuta sun yarda, kuma sun rubuta, amma ku ji yadda aka yi. Uban ne ya fara zuwa aka ƙi ɗaukarsa, sai yaron ya ce shi zai je a madadinsa, shi kaɗai ne namiji cikin 'yan mata biyar. Uwar, Amelia, ta ƙi ta ƙi, sai ya ce mata in ba ta sa hannu ba zai gudu ya shiga da wani suna kuma ba zai taɓa rubuto mata wasiƙa ba. Ke uwa ki auna wannan a ranki. Ko ki yarda ki san inda ɗanki yake, ko ki hana ya ɓace miki gaba ɗaya ko gawarsa ba ki san sunan da za ki nema da shi ba. Wlh duk wacce ta raini yaro ɗan shekara 14 mai taurin kai ta san ba ƙaramin abu ba ne. Ni laifin na fi ɗora shi kan manyan da suka kalli fuskarsa suka ga ko gashin baki babu suka buga masa hatimi, da waɗanda suka zauna da shi wata shida ba wanda ya mayar da shi gida.

Abin da ya fi karya min zuciya, daga ramin yana rubuto musu cewa kar su damu yana nan lafiya lau, yana kuma ƙorafin shi bai samu wasiƙarsu ba.

Taifot ɗin kuma mu a Kano ba baƙuwa ba ce, mun san daga ruwa da abinci marasa tsafta take zuwa. To ku ƙiyasta wajen da ruwan sha ma aunawa ake, gawarwaki a fili cikin zafi, ƙuda ya tashi daga kansu da masai ya sauka kan naman gwangwani da busasshen biskit ɗin da suke ci. Atini da zazzaɓi sun kwantar da dubbai a can. Maganin taifot mai aiki kuwa sai ƙarshen shekarun 1940 aka same shi.

Abu Sumayya Fagge:
Allah Ya sani nima na tausaya wa yaron, yaro yaro ne. Amma dan Allah kar mu manta ƙasar wa aka je ci. Galifoli ƙasar Daular Usmaniyya ta Turkawa ce, Ingila da Faransa ne suka so fasa mashigin Dardanelles su kama Istanbul su buɗe hanya zuwa Rasha, Churchill, ministan sojan ruwan Ingila a lokacin, na cikin waɗanda suka kitsa abin. Turkawa gidansu suke karewa, Mustafa Kemal, wanda daga baya ya zama shugaban Turkiyya, a nan ya yi suna. 'Yan Ostareliya kusan 8,700 suka mutu a can, na Usmaniyya sun haura 80,000, su ma 'ya'yan wasu ne amma wa ya san sunan ko ɗaya a nan? Kuma Ingilar nan dai ita ce ta ci Kano a 1903, shekara 12 kacal kafin wannan.

Malam na Gwale:
Abu Sumayya maganarka tana kan hanya, ba wanda zai musa. Sai dai yaron bai san Istanbul ba bai san dalilin faɗan ba, daular da ta ci mu ita ce ta ɗebo shi daga ƙarshen duniya. Su kansu sojojin ɓangarorin biyu ran 24 ga Mayu 1915 sai da suka tsagaita wuta na yini guda suka fito suna binne gawarwaki gefe da gefe saboda wari ya hana kowa sakat. Kuma ƙarshenta ba a ci komai ba, a Disamba aka kwashe 'yan Ostareliya cikin dare aka bar wajen, ƙasa da wata biyu bayan mutuwarsa.

Jikan ɗan Boma:
Ni wannan zancen kakana ya tuna min, Allah Ya jiƙansa. Shi yaƙi na biyu ya je, Boma, cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, akwai kuma ta 82. Yana ce mana lokacin ɗauka ba wanda ya tambaye shi takarda don babu ita ma, tsayinka da ƙirjinka za a duba likita ya ƙiyasta shekarunka shikenan, kuma ya ce a cikinsu akwai waɗanda muryarsu ma ba ta gama buɗewa ba. Kafin su ma a yaƙi na ɗaya mutanenmu sun yi Kamaru daga 1914 zuwa 1916 sannan aka kai su gabashin Afirka, lokaci ɗaya da Jim ɗin nan kenan. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ke da tsoho ko tsohuwar da ta san labarin mazan jiya na gidansu ya zauna ya ɗauki muryarta a waya tun da sauran lokaci, ranar 15 ga Janairu da ake ajiye furanni don tunawa da mazan jiya ba ta faɗin sunan kowa a unguwarmu.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Malam tambaya ta ƙarshe, tunda ba shi da kabari a ina ake tunawa da shi, kuma ya aka yi uwar ta ji?

Malam na Gwale:
Sunansa na rubuce a jikin bangon tunawa na Lone Pine a can Galifoli, tare da sama da mutum 4,900 na Ostareliya da New Zealand da ba a san kabarinsu ba, yana kuma cikin jerin sunayen da ke gidan tarihin yaƙi na Canberra. Uwar kuwa babbar nas ɗin jirgin asibitin ce ta rubuta mata wasiƙa ta gaya mata yadda ya cika, aka kuma aika mata da 'yan kayan da aka samu a tare da shi. Ka kai wa 'yan majalisa ranakun nan su duba da kansu.