Malaminmu Ya Ba Ni Sifiri a Kan Amsar da Nake Ganin Daidai Ce

Ɗan SS3: Jama'a ku shiga tsakani, an zalunce ni. A gwajin kemistiri aka tambaye mu abin da zai faru in an zuba ruwan gishirin girki, NaCl, cikin ruwan fotashiyam naitiret, KNO3. Na rubuta za su yi musaya a samu sodiyam naitiret, NaNO3, da fotashiyam kulorayid, KCl, lissafina ya daidaita tsaf. Malam ya sa jan biro ya rubuta wai ba abin da zai faru. Alhali shi da bakinsa ya koya mana NaCl da AgNO3, wato naitiret na azurfa, suna musaya. Ni na san tun ranar da na yi masa gyara a allo yake riƙe da ni.

Malamin Sakandare: Ƙanena, sassauta. Gishiri in ya narke a ruwa rabuwa yake yi, Na+ ya yi nasa wuri, Cl- ya yi nasa. Haka ma KNO3. Da ka haɗa su, ayon huɗu, wato waɗannan ƙwayoyi masu caji da suka rabu, su ne kawai ke yawo a kofi ɗaya, babu biyun da za su kama juna, domin duk gishirin sodiyam da na fotashiyam da na naitiret narkewa suke yi. Da AgNO3 kuwa, azurfa na haɗuwa da Cl- sai farin gari ya fito ya kwanta a gindin kwalba. AgCl ke nan, wanda abin da ke narkewa daga cikinsa a lita guda bai wuce kamar miligiram 2 ba, gishirin girki kuma kusan giram 360. Malaminka ya yi daidai.

Injiniya: Malam, kai ma ka bar kalmar musaya ta wuce. Ko a AgNO3 ɗin babu wata musaya. Ag+ ne ya haɗu da Cl-, shi ke nan. Na+ da NO3- 'yan kallo ne, yadda suka shiga haka suke. Ku malaman sakandare ku kuke cusa wa yara wannan kalmar, sannan ku dawo ku kayar da su a kanta.

Malamin Sakandare: Littafin da muke koyarwa da shi musaya biyu ya kira ta, WAEC ma da ita take tambaya. Ka taɓa tsayawa gaban aji cike maƙil da alli a hannunka?

Injiniya: Tsayawa gaban aji ba hujja ba ce. Tun 1884 Arrhenius na ƙasar Suwidin ya kawo bayanin cewa gishiri rabuwa yake yi cikin ruwa, har ya samu kyautar Nobel a 1903. Abin da ya riga ya rabu, wace musaya zai yi?

Tsohon Ɗalibin NCE: Ga shi nan, an fara. Duk wanda ya yi jami'a sai ya zo yana raina malaman makaranta. Wa ya koya muku baƙi da farfaru kafin ku san Arrhenius?

Injiniya: Ban raina kowa ba, ɗan'uwa. Kuma in adalci ake so, yaron nan bai yi nisa da gaskiya ba. Ana samun KNO3 ta hanyar haɗa NaNO3 da KCl a ruwan zafi. In aka ƙone ruwan, NaCl ne ke fara fitowa, domin zafi bai cika ƙara masa narkewa ba, daga kamar giram 36 zuwa 39 ne kawai a giram 100 na ruwa. In aka sanyaya sai KNO3 ya fito, shi da ke narkewa sama da giram 240 a tafasa amma kamar 13 kacal a sanyin ƙanƙara.

Ɗan SS3: Alhamdulillahi! Kun gani ko? Ashe akwai musaya.

Malamin Sakandare: Kai yaro, karanta da kyau. Abin da ya kawo kishiyar amsarka ne, NaCl da KNO3 ne suka fito a ƙarshe. Kuma Injiniya, ɗazu ka ce babu musaya, yanzu kai ne mai kawo ta.

Maman Yara: Ni tambayata daban. Me ya sa in na jiƙa kanwa da ruwan rijiyarmu yake yin fari-fari, amma da ruwan sama ba ya yi sosai?

Malamin Sakandare: Hajiya, maganar ɗaya ce. Kanwa tana da sodiyam kabonet, ruwan rijiya mai nauyi kuma yana da kalsiyam. Su biyun ne ke haɗuwa su ba da kalsiyam kabonet, CaCO3, wanda ba ya narkewa.

Ɗan Borno: Ƙasa ce kawai a cikin kanwar da kuke saya. Kanwar yankin Tafkin Chadi ta gaske ba ta haka.

Ɗan Damagaram: Wace ta gaske? Ka zo ka ga ta Manga tukuna. Ku kullum komai mai kyau sai ku ce naku ne.

Ɗan Borno: Manga ɗin ma ai ƙarƙashin daular Borno take tun asali.

Ɗan SS3: Don Allah makina fa? Ba wanda ya ce komai kan ƙiyayyar da Malam ke yi min.

Shugaban Zaure: To, a tsaya haka. A matsayina na wanda ya daɗe yana koyarwa, abin da muka fahimta shi ne malamin ya yi daidai, yaron ya je ya ba shi haƙuri, ya kuma haddace waɗanda ke narkewa da waɗanda ba sa narkewa. Kalmar musaya tana nan daram tunda tana cikin manhaja. Masu son nuna sun yi karatu mai zurfi su daina rikita mana yara. Na rufe maganar kanwa.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ban amince da wannan taƙaitawar ba. Ba wanda ya amsa tambayata.