Ta yaya mai keken guragu zai shiga gidan tarihi na ginin ƙasa ba tare da an ɗauke shi ba?

Malamar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar sakandare, kuma a zangon karatun da ya gabata na kai ɗalibaina ziyara wani gidan adana kayan tarihi da ke cikin tsohon ginin ƙasa. A cikinsu akwai yarinya ɗaya da cutar shan inna ta taɓa tun tana ƙarama, wadda keken guragu ne ƙafarta. Tun daga zaure muka tsaya cak, domin dokin ƙofar ya kusa taƙi guda, bayansa kuma farfajiya ce mai yashi wadda tayoyin keken za su nutse a ciki. Ma'aikatan wurin, da kyakkyawar niyya, suka ce za su ɗaga ta da kekenta gaba ɗaya, amma ta ƙi, kuma ban ga laifinta ba, domin budurwa ce, ba ta son maza su cicciɓe ta a gaban 'yan ajinsu. Haka ta zauna a inuwar zaure har muka fito, ƙawayenta suna kawo mata hotunan takubba da alkyabbu a waya. Abin yana damuna har yau, domin ita ce ta fi kowa ƙwazo a darasin Sarki Muhammadu Rumfa.

Tambayata ita ce, shin akwai hanyar da za a gyara irin waɗannan gine-gine ba tare da an ɓata su ba, kuma wa ya kamata mu tunkara da maganar?

Abu Hafsat ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika ɗauki abin da muhimmanci. Ta fuskar doka, ɗalibarki tana da haƙƙi, ba alfarma take nema ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta bai wa gine-ginen gwamnati da na jama'a wa'adin shekara biyar su yi gyaran da zai ba kowa damar shiga, kuma wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Dokar ce ta kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020, kuma ana iya kai mata ƙorafi a rubuce.

Sai dai ki fara gano wanda gidan yake hannunsa. Misali, Gidan Makama da ke Kano, wanda asalin gininsa ya koma ƙarni na 15, yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya da aka kafa a 1979, alhali Gidan Ɗan Hausa yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano. Ginin da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa ba a taɓa shi sai da izinin hukumar tarayya, saboda haka shugaban gidan ba zai iya fasa bango da ra'ayin kansa ba ko da yana so. Shawarata ita ce wasiƙar ta fito daga shugaban makarantarku, a kai wa shugaban gidan, a aika kwafi ga hukumar da ke sama da shi.

Jikan Magina ya amsa:

Malama, ni a gidan magina na tashi, kuma ina so in kwantar miki da hankali cewa yawancin abin da ake buƙata ba ya neman a fasa ko tubali ɗaya. Dokin ƙofa ba ado ba ne, shi ne yake hana ruwan damina shiga ɗaki ya jiƙa gindin bango, don haka ba zan taɓa ba da shawarar a sare shi ba. Abin da ake yi shi ne kafinta ya haɗa gangara ta katako mai ƙarfi, ɗaya a waje ɗaya a ciki, wadda za a iya ɗaukewa idan an tashi yaɓe ko gyaran daɓe. Ƙa'idar da masu zanen gini suke bi ita ce, kowane santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo, wato dokin ƙofa mai santimita 15 yana son gangara mai santimita 180. Idan aka gajarta ta, mai keken ba zai iya hawa da ƙarfin hannunsa ba, kuma wajen sauka tana iya kifar da shi.

Abin da nake gargaɗi a kai shi ne siminti. Na sha ganin inda aka zuba gangarar kankare a jikin bangon ƙasa, bayan damina biyu ko uku danshi ya taru a bayanta ya cinye gindin bangon, domin ƙasa tana son ta riƙa shan iska, siminti kuwa yana toshe ta. Farfajiyar yashi kuma ana iya fitar mata da hanya guda ta daɓe ko ta jan bulo, mai faɗin da keke zai wuce, a bar sauran yadda yake.

Inda matsalar take da wuya shi ne faɗin ƙofa. Keken asibiti yakan iya shigewa ta ƙofa mai faɗin santimita 80 zuwa 90, amma keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda mutanenmu suka fi hawa a titi, ya fi tsawo kuma ba ya iya juyawa a cikin ƙaramin soro. Maganin wannan shi ne gidan ya ajiye keke ɗaya ko biyu masu naɗewa a bakin zaure, baƙo ya sauya idan ya iso.

Makaho Mai Son Tarihi ya amsa:

Ina gaishe ku duka. Wayata ce take karanta mini rubutunku, kuma na ga ya dace in tunatar cewa ba dokin ƙofa kaɗai ke tare mutum ba. Ni ƙafata lafiya lau, ina shiga ko'ina da sandata, amma idan komai yana cikin akwatin gilashi, kuma jagoran wurin yana cewa “ku dubi wannan, ku dubi wancan”, to da ni da wanda aka bari a zaure duk ɗaya muke. Ba na neman a ba ni tsohon littafin ajami in shafa, na san hannu yana lalata shi. Amma me zai hana a sa maƙera da masaƙa da dukawa su yi kwatankwacin sulke da linzami da saƙi da sirdi, a jera su a tebur guda domin taɓawa? Ranar da wani dattijo ya miƙa mini kwalkwalin yaƙin kakansa na riƙe, na ji nauyinsa da sanyin ƙarfensa, a ranar na fahimci abin da ake nufi da mayaƙan lifidi.

Rubutun makafi yana da amfani, sai dai waɗanda suka iya shi, irin ɗaliban makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki da ke Kano, ba su kai yawan waɗanda ba su iya ba. Bayani da murya cikin Hausa, wanda za a naɗa a tura wa baƙo a wayarsa, zai fi isa ga mutane da yawa. 'Yan'uwanmu kurame kuma suna da maganar hannu, kuma a cikinsu akwai matasan da za su iya zama jagorori idan an horar da su. Kafin a kashe ko kwabo, ina roƙon a kira Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da ƙungiyoyinmu su zagaya gidan, su nuna da kansu inda ake tuntuɓe.

Malamar Tarihi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na nuna wa shugaban makarantarmu amsoshinku, kuma ya amince a rubuta wasiƙar a wannan makon. Na kuma karanta wa ɗalibar, sai ta ce a ƙara maganar ban ɗaki, domin a ranar ba ta sha ruwa ba tun safe saboda tsoron kada buƙata ta kama ta a can. Jikan Magina, idan na auno tsayin dokin ƙofofin da faɗinsu, za ka iya taimaka mana da lissafin katakon da za mu haɗa da wasiƙar?