Garaɓasar intanet: wa ya taɓa gwadawa?

Maman Ilham, Kubwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Bikin ƙanwata ya matso, kuma kullum sai na ci karo da tallar shafukan nan masu rangwame. Wai dilka da halawa da gyaran gashi na naira 60,000 an mayar 25,000, amma a shafin za ki biya, su turo miki lamba ki kai wurin gyaran. Akwai wadda ta taɓa saye?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Hajiya, araha ba ta ado. Mu da muke kasuwa mun san duk wanda ya yi miki ragin fiye da rabi, to akwai inda zai fanshe.

Anti Bilki: Kai Ɗan Kwari bari tsorata ta. Akwai na gaskiya, ni na sha saye. Maman Ilham, kafin ki tura ko kwabo, ki nemo lambar wayar wurin gyaran da kanki, ta Instagram ɗinsu ko wajen wadda ta san su, kada ki dogara da wadda shafin ya rubuta. Ki kira ki tambaye su: garaɓasar nan da kuka sa a wuri kaza, har yanzu kuna karɓa? Akwai gurbi a ranar da nake so? Idan kika ji ana inda-inda, ko aka ce bari a tambayi madam, ajiye kuɗinki. Kuma gaskiya amarya ba abin gwaji ba ce. Ki fara zuwa ke da kanki ki ga hannunsu.

Injiniya, Ikeja: Abin da Anti Bilki ta faɗa shi ne. Wannan harka ba sabuwa ba ce, mu mazauna Legas mun ga tasowarta mun ga faɗuwarta. A Amurka ta samo asali, da kamfanin Groupon da aka buɗe a Chicago a 2008. Tsarinsu na farko shi ne rangwamen ba ya tabbata sai an samu adadin mutanen da aka ƙayyade sun saya, idan ba su cika ba kowa ya riƙe kuɗinsa. Abin ya yi tashe har Google ya taya kamfanin kan dala biliyan 6 a 2010 suka ce albarka. A nan gida Sim Shagaya ya buɗe DealDey a 2011, kafin ya buɗe Konga a 2012. Lokacin duk safiya sai saƙon imel ya shigo: yau abincin otal rabin kuɗi, gobe wankin mota, jibi tausa. An sayar da DealDey a 2016, zuwa ƙarshen 2018 ya rufe. Shi ma Groupon ya tattara ya bar Afirka ta Kudu a 2016. Dalilin da ya sa na kawo wannan, takardar rangwame, wato lambar nan da shafin ke turowa, alkawari ne kawai, kuma mutum uku ne a ciki: kai, da shafin, da mai shago. Ranar da ɗaya ya janye, takardar ta tashi aiki. Don haka wadda za ka yi amfani da ita cikin makon nan ita za ka saya, ba ta ajiya ba.

Ɗan Kwari: Injiniya an fara lacca ke nan.

Hajiya Mai Tuwo, Kaduna: Ku bar shi ya yi, ni ma ina da tawa. Ku kuna magana ta ɓangaren mai saye, bari in ba ku ta ɓangaren mai sayarwa, don na taɓa sa gidan abincina a wani shafi irin wannan. Ku ɗauka faranti na naira 10,000 ne. Shafin zai ce sai kin mayar da shi 5,000 kafin su tallata. A cikin 5,000 ɗin kuma su ma suna da kasonsu, manyan na waje ma har rabi suke ɗauka. To idan rabi ne, 2,500 ke shigowa hannuna, alhali shinkafa da mai da kaza da gas sun ci fiye da haka, ba a maganar albashin yara. Abin da suke faɗa miki shi ne talla ce, mutane za su san wurin su dawo da cikakken kuɗi. Wallahi kaɗan ne suka dawo. Yawanci masu bin garaɓasa ne, yau suna wajenki gobe suna wajen maƙwabciyarki. Ranar Asabar wuri ya cika da masu lamba a waya, kwastomomina na kullum suka rasa kujera. Sannan kuɗin ma ba a ranar ake biyanki ba, sai an tara an yi lissafi, ke kuwa kullum sai kin je kasuwa. Shi ya sa idan kun je wani wuri da takarda kuka ga an ɗaure fuska, ko naman ya ƙanƙance, ko an ce ban da Juma'a da Asabar da Lahadi, ba wulaƙanci ba ne tsagwaronsa. Asara mutum yake ragewa.

Maman Ilham, Kubwa: Ikon Allah. Hajiya ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Hajiya Mai Tuwo, Kaduna: 'Yata, ga abin da zan ce miki. Idan kin kira su, ki ce kin ga 25,000 a shafi, nawa za su yi miki idan kika zo kai tsaye kika biya a hannu? Da yawa za su ce kawo 30,000 ko ma 25,000 ɗin, da murnarsu, tunda babu mai raba kuɗin da su. Kuma aikin da za a yi miki ya fi na mai takarda kyau.

Abu Yasir, Gwarinpa: Wannan dabara ta Hajiya na gwada ta a wurin wankin mota kuma ta yi. Ƙarin da zan yi kan gidajen abinci ne. Na kai iyali wani otal da takardar mutum biyu kuɗin mutum ɗaya. Mun ci mun ƙoshi, abincin ba laifi. Da aka kawo rasit sai ga harajin VAT kashi 7.5, ga kuɗin hidima kashi 10, duka an lissafa su kan cikakken farashi, ga ruwa da lemo da ba sa cikin takardar, ruwan roba ɗaya kuɗin katan a waje. Yaron da ke hidima ya buɗe wayata ya ja shafin har ƙasa, ya nuna mini da ɗan yatsa inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Duk da haka na samu sauƙi, amma bai kai rabin da aka zana da jan rubutu ba. Duk wanda zai saya ya fara karantawa daga ƙasa: ranar ƙarewar wa'adi, ranakun da aka cire, ko sai an kama wuri tun kafin a zo, ko reshe ɗaya ne kawai ke karɓa.

Ummi, Birmingham: Salam. Mu nan Ingila abin ya zama jiki. Groupon da Wowcher ne manya, ɗalibai kuma muna da UNiDAYS da Student Beans, da imel ɗin makaranta ake rajista. Inda muka fi ku shi ne doka: abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka fasa, don haka takardar da ba a taɓa ba ana iya mayar da ita cikin wannan lokacin. Wanda na fi amfana da shi shi ne Too Good To Go, asalinsa daga Denmark. Shaguna ke sayar da abincin da ya rage musu da yamma a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa. Sai dai ba kai kake zaɓar abin da ke cikin ledar ba, to Musulmi sai ya kula, ya tsaya kan gidajen burodi da shagunan halal, in ba haka ba ya kwaso naman da ba zai ci ba. Masu sayayya a Amazon kuma akwai camelcamelcamel, yana nuna tarihin farashin kaya, nan take za ka gane ko ragin na gaske ne ko an ɗaga ne aka sauke.

Alhaji Deira: A Dubai Cobone ne da The Entertainer. Na biyun kuɗin shekara ake biya, sai ka riƙa samun saya ɗaya a ba ka ɗaya. Ga mazauni yana da amfani, amma ɗan kasuwar da zai zo ya yi mako guda ya koma ban ga ribarsa ba. Cobone ya fi dacewa da baƙo, musamman buɗa-bakin otal da azumi da wuraren wasan yara. A duba dai ko an rubuta na mazauna ƙasa ne kawai, don wasu sai an nuna katin zama a ƙofa.

Ɗan Kwari: To mu da ba mu da biza fa?

Anti Bilki: Kai ma ka san Jumia da Konga. Duk Nuwamba ana Black Friday, Konga na kiran nasu Yakata, AliExpress kuma ranar 11 ga watan 11. Yadda nake yi: tun Oktoba nake zuba abin da nake so a kwando in ɗauki hoton farashin. Idan Nuwamba ta zo in gwada. Wani abin ya sauka da gaske, wani kuma an ƙara masa ne aka ja layi a kan tsohon kuɗin da bai taɓa zama kuɗinsa ba. Na fi samun sauƙi a kayan wuta na kicin da kunzugun yara da sabulun wanki, kuma daga shagon kamfanin da kansa da ke cikin manhajar. Atamfa da leshi kuwa, Ɗan Kwari, na bar maka, ba na sayen zanin da ban murza da hannuna ba.

Ɗan Kwari: Yawwa, yanzu kika yi magana Anti. Allah ya ƙara ciniki.

Baban Khairat, Zariya: A haɗa da kuɗin kawowa a lissafi. Mu na Arewa sau da yawa abin da aka rage mana a kaya shi ake karɓewa a kuɗin kawowa daga Legas. Zaɓar ofishin da za ka je ka karɓa da kanka ya fi sauƙi a kan a kawo har ƙofar gida. Kuma ka buɗe kwalin a gabansu kana ɗaukar bidiyo. Akwai lokacin da wani mai sayarwa ya turo mini injin markaɗe da murfi a fashe, bidiyon nan ne ya fitar da ni, don da cewa ya yi ni na fasa.

Malam Na Masallaci: Ina bin zancen. Rangwame halal ne, mai kaya yana da ikon ya rage. Amma a rubuta farashin ƙarya a soke don mai saye ya zaci ya samu sauƙi, wannan algus ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. 'Yan kasuwar zauren nan masu sa kaya a sitatus, da ku nake.

Ɗan Kwari: Malam ni dai ban soke komai ba, shaida na nan.

Hajja Falmata, Maiduguri: 'Yan uwa wannan da ake ta turowa fa, wai wani babban kanti na bikin cika shekaru yana raba takardar sayayya ta 50,000, a tura wa zaure biyar sannan a cike fom?

Shugaban Zaure: Hajja kada ki taɓa, kuma duk wanda ya sake jefo irinsa a nan zan goge. 'Yan damfara ne suke aron sunan manyan kamfanoni. Alamarsu a bayyane take: adireshin shafin ba na kamfanin ba ne, sai an tura wa mutane kafin a ba ka, a ƙarshe kuma a nemi lambar katinka ko BVN ko lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo. Babu mai rangwamen gaskiya da ke neman waɗannan. Wanda kuwa ya saya a wurin gaske aka ƙi ba shi haƙƙinsa, akwai hukumar FCCPC mai kare masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar kare masu saye ta CPC. Ana shigar da ƙorafi ta shafinta. A adana rasit da hoton tallar da saƙon cire kuɗi, don su za a nema.

Sista Rabi, Kano: Bari in sa baki ta fannin aikinmu. Na ga ana tallar wankin haƙori da allurar gyaran fata da ƙarin ruwa na hasken fata da rangwame. Wankin haƙori a asibitin da likitansa ke da rajista da hukumar kula da aikin likitoci ta MDCN ba matsala, a tambaya a gani. Amma duk abin da za a soka a jiki, don Allah kada garaɓasa ta ja ku. Mayukan shafawa da aka karya wa farashi kuma a juya a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, wani lokaci sun kusa lalacewa ne shi ya sa aka sauke.

Abu Yasir, Gwarinpa: Tayar mota ma haka. Na ga ana tallar huɗu kuɗin uku. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 1521, an yi ta a mako na 15 na 2021 ke nan, ko da ba ta taɓa taka kwalta ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take lissafa wa taya daga ranar da aka yi ta. Ka ce mai shagon ya turo maka hoton lambar kowace ɗaya kafin ka biya.

Baban Khairat, Zariya: Abu Yasir, turo mini sunan mai tayar ta bayan fage, ina neman biyu na gaba.