Ranar Talata za a yi wa Innarmu aikin hanta

Ɗan Nima: Salamu alaikum jama'a. An ga ƙari a hantar Innarmu, za a yanke wani ɓangare. Likita ya ce za su riƙa matse jijiyoyi a lokacin aiki, daga baya kuma a yi mata allurar tsinka jini. Kaina ya ɗaure. Ana gudun zubar jini, kuma a je a tsinka shi?

Anti Nas, Mamobi: Wa alaikumussalam ɗana, Allah ya ba ta lafiya. Na tsaya a ɗakin tiyata, na gani. Hanta jini ce zalla, kusan kashi 75 cikin 100 na jininta ta babbar jijiyar da ta taso daga hanji yake shiga. Sai a ɗaure ta tare da ɗaya jijiyar da ke kai mata jini a ƙofar hanta, minti 15, a saki minti 5, wani yana duba agogo yana faɗa. Dabarar Pringle ake ce mata, sunan wani likitan birnin Glasgow ne a Scotland, tun 1908. Allurar kuwa ta bayan aiki ce. Mai ƙari, ga babban yanka, ga kwanciya, jininsa saurin daskarewa yake yi.

Hajiya, Madina Zango: Nan ne mu muka yi kuskure. An sallami Alhaji da allurar tsinka jini mai suna Clexane ta sati huɗu, a fatar ciki. Ya ga tabo baƙi-baƙi, ya ce ya gaji, ni ma tausayi ya sa na biye masa. Masu dubiya kowa "kwanta ka huta". Kwana shida sai ga sha-raɓarsa ta hagu ta kumbura, da zafi, silifa ya ƙi shiga. Har na ɗauko man zafi zan murza! Allah ya sa 'yata ta hana, muka koma asibiti a daren.

Anti Nas, Mamobi: Hajiya, Allah ya yi wa 'yar nan albarka. Murzawa na iya ɓalle gudan jinin ya wuce huhu.

Tsohon direba, Sabon Zango: Ni a jikina aka yi. Washegari aka tashe ni, ina riƙe da robar fitsari, ga farar safa mai matsewa har gwiwa, na taka zuwa taga na dawo. Na ji haushin nas ɗin sosai ranar.

Ɗan Nima: Na gode. Hajiya, allurar a gida wa ya riƙa yi masa?