Ina neman kalmar Hausa: naman dajin nan na Amurka mai farar wutsiya, da ƙaton namijinsa

Uwar Shiri:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Lokaci ya ƙure mini. Ranar Alhamis da safe zan shiga ɗakin naɗar murya, ga kuma rahoton minti 7 da aka ba ni in mayar Hausa don filinmu na namun daji. Rahoton a kan maharban Amurka ne, waɗanda kan sayi fili ko su yi hayarsa don harbin wani nama da suke kira whitetail. Tun watan Yuli mutum zai ɗaura kyamara a jikin bishiya, ya yi ta ganin hoton wani ƙaton namiji yana kiwo a gonar waken soya kullum da la'asar sakaliya. Da an buɗe lokacin harbi, sai a neme shi sama ko ƙasa a rasa. Rahoton duk a kan dalilin haka ne. Kalmomi huɗu suka tsaya mini a wuya: sunan dabbar, da mature buck, da antlers, da rut. Na rubuta barewa na goge ya fi sau biyar. A taimaka.

Malamin Aji:
Wa alaikumus salam Hajiya. Barewar Amurka. Namijin kuma babban namijin barewa. Antlers ƙaho, rut lokacin barbara. Mai sauraro yana tuƙi ko yana gona, ba shi da lokacin buɗe ƙamus.

Ɗan Maharba:
Malam, barbara na yarda, makiyayi da maharbi duk haka suke cewa. Amma barewa ban yarda ba. Na kalli bidiyon naman nan sau da dama. Barewarmu ba ta wuce girman akuya ba, a fili take kiwo, gudu ne makaminta. Wannan kuwa namijinsa kan haura kilo 100, kuma ɗan sarƙaƙiya ne, laɓewa ya sani. Idan hali za a bi, da mazo ya fi kama. Mazo ma in ya firgita yakan ɗaga wutsiya a ga farin da ke ƙarƙashinta. Duk maharbin da ya ji kin ce barewa tana kwana a duhuwa zai ce mai maganar ba ta taɓa shiga daji ba.

Ɗaliba a Misisifi:
Baba Ɗan Maharba ya yi gaskiya a kan halin, amma a jini ba barewa ba ne, ba kuma mazo ba. Karatun da nake yi ke nan a nan jihar Misisifi ta Amurka. Barewa da mazo da gwanki da gada dangin shanu ne da awaki, ƙahonsu ba ya faɗuwa har mutuwa. Wannan daga wani dangi yake wanda babu shi a Afirka kudu da Sahara. Sai a dazuzzukan Aljeriya da Tunisiya ake samun ɗan'uwansa. Abin da ke kansa ƙashi ne zalla mai rassa, namiji ke da shi, kuma kowace shekara yakan faɗi tsakanin Janairu da Maris, wani ya tsiro. Yayin da yake tsirowa wata fata mai laushi ce ke lulluɓe shi, wadda yake gogewa a jikin itatuwa wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Anti, ki riƙe wannan watan, don a nan ɓatan da rahotonki ke magana yake farawa.

Mai Ƙamus:
To kun gani. Tun da ba namu ba ne, sai a raɗa masa suna, ba a ɗora masa sunan wani ba. Shekara uku ina kawo shawarar nan a zauren nan: dangin duka a kira su rassau, wato mai rassa a ka. Awon kalmar namu ne, kamar mantau da jatau da makarau. Wannan na rahoton ya zama rassau farar-wutsiya, a kan tsarin kwanta-rafi. Antlers kuwa rassan-ka. An gama. Har yaushe za mu riƙa cewa kaza ta Amurka, kaza ta Turai, kamar harshen ba ya haihuwa?

Malamin Aji:
Malam Mai Ƙamus, in Hajiya ta ce rassau a rediyo, mutum nawa za su gane dabba ake nufi ba bishiya ba?

Mai Ƙamus:
Ran da aka fara cewa jirgin sama mutum nawa suka taɓa ganinsa? Rediyo ce ta koya wa mutane Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da ya rage mana ƙarfin hali ne, ba kalma ba.

Ɗan Damagaram:
Kafin ku yi nisa, farar-wutsiyar nan fa Hausar Kano ce. Mu bindi muka sani. Kullum in an zo raɗa suna sai a ɗauki ta Kano a ce ita ce Hausa, mu kuma a ce karin harshe muke yi. Shirin Hajiya ana jin sa a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A Faransanci da muka karanta ma ba a ambaci wutsiyar ba, da jihar Bajiniya ta Amurka aka danganta shi.

Wani Bakano:
Ba wanda ya hana ku bindi, ɗan'uwa, amma daidaitacciyar Hausa ba mu muka ɗora wa kanmu ba. Me ya sa ba za a ari kalmar kawai ba? A ce diya, daga deer da Turawa ke kiran dangin, kamar yadda aka ari mota da tebur.

Ɗan Damagaram:
Diya? A rahoton da ake maganar kisa? Rabin masu sauraro za su ɗauka kuɗin fansar rai ake nufi, mu kuma a nan kunnenmu ɗiya zai ji. Wannan shi ne abin da nake faɗa, ba ku sauraron yadda kalma ke sauka a kunnen wasu.

Uwar Shiri:
Don Allah malamai, saura mini kwana biyu. Kuma akwai abin da ba ku duba ba. Wutsiya da bindi duka suna da ma'ana ta biyu a bakin samari, ni kuma da muryata zan maimaita kalmar fiye da sau goma. Jela fa? Ban san inda jela ke da wata fassara ba.

Ɗan Damagaram:
Jela mun san ta. Ba tamu ta yau da kullum ba ce, amma ba za ta ba kowa kunya ba.

Mai Ƙamus:
Rassau farar-jela ke nan. Ya ma fi daɗin faɗa.

Ɗan Maharba:
Ku bar jelar haka, ku dawo kan namijin, don nan ne maganar take. Babban namiji da Malamin Aji ya ce bai isar ba. Akwai ɗan shekara biyu mai jiki, amma yaro ne, shi ne ke faɗawa hannun maharbi ranar farko. Wanda ake nufi shi ne wanda ya ga lokutan harbi da yawa ya tsira. Mahaifina irin wannan tsohon nama yake ce masa, ko riƙaƙƙe. Kirarin gwanki ma ai sha bara ne, wato an auna shi an auna bai faɗi ba. Ni da toro zan ce, kamar toron giwa. Riƙaƙƙen toro.

Malamin Aji:
Toro a kunnen yaran yanzu agwagwa ce, Baba. Kishimi fa? Na taso ina jin ana kiran namijin barewa haka.

Ɗan Maharba:
Kishimi a wajenmu wani nama ne daban, a wani gari kuma wani daban. In ka saka shi ka buɗe sabuwar gardama.

Ɗaliba a Misisifi:
Riƙaƙƙe ya dace ƙwarai. A nan ba a ce namiji ya riƙa sai ya kai shekara 4 da rabi zuwa 5 da rabi. Rabin nan kullum yana nan ne saboda galibi a Mayu da Yuni ake haifarsu, a kaka kuma ake harbinsu. Amma Anti, akwai kalma ta biyar da ba ki tambaya ba, kuma ina ganin ta fi sauran haɗari: vanish. In kika ce ya ɓace, ko ya yi ɓatan dabo, kin fassara abin da mai fili yake ji a ransa, ba abin da naman yake yi ba.

Ga yadda abin yake. Da rani maza sukan haɗu rukuni su yi kiwo tare a fili, hankali kwance, shi ya sa kyamara ke kama su kullum. Da sun goge fatar ƙahon, jininsu ya fara tashi, sai rukunin ya watse, kowa ya nemi wajensa, wasu su koma wani yanki da suka saba yin kaka a cikinsa. A daidai lokacin ganyen waken soya ya yi ɗorawa, 'ya'yan wata bishiya da ake kira oak sun fara zuba a cikin kurmi, ana girbe masarar da yake laɓewa a ciki. Abinci ya tashi daga bakin gona ya koma duhuwa. Sannan ga lissafin fili: yankin da namiji ɗaya ke zagayawa yakan kai murabba'in mil guda, wato eka 640, sau da yawa ma ya fi. Mai eka 40 ko 80 da ke cewa namana ya ɓace, ɗan lungu kawai ya mallaka a cikin gidan naman.

Sai barbara. Gajartar yini ce ke tayar da ita, ba sanyi ba. A jihohin arewa tsakiyar Nuwamba take kaiwa ƙololuwa, a nan kudu wasu wuraren sai Disamba ko Janairu. Namiji kan bar ci, ya yi ta yawo har ya fita yankinsa, in ya samu mace ya tsare ta yini ɗaya ko biyu a cikin sarƙaƙiya ba ya motsi. Wasu kuma mutuwa suke yi da gaske: maƙwabci ya harbe, mota ta kaɗe, ko cutar zubar jini da wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa a ƙarshen rani, wadda ta yi ɓarna sosai a 2007 da 2012. Gawarsu a bakin ruwa ake tsinta, saboda zazzaɓi ke kai su can.

Ɗan Maharba:
'Yata, kin bar babban dalili a baya. Maharbin da kansa.

Ɗaliba a Misisifi:
Ina zuwa Baba, shi na ajiye ƙarshe. Masu bincike a jami'o'in nan suna ɗaura wa maza abin wuya mai na'urar bin sawu. Abin da na'urar ke nunawa shi ne, da mutane sun yawaita a daji, riƙaƙƙen bai cika barin yankinsa ba. Yakan kauce wa bakin gona da wurin da aka zauna dako, ya koma inda ciyawa ta fi duhu, ya bar fitowa fili sai dare. Mai fili kuma da hannunsa yake jawowa: kullum yana shiga duba kyamara, yana barin warinsa a turba.

Ɗan Maharba:
Shi ke nan. Abin da mahaifina ya koya mini a kan mazo ke nan tun ban kai goma sha biyar ba. Ka zauna dako a mashaya ɗaya kwana biyu a jere, ran na uku sai ƙanana za su zo. Tsohon yana nan, bai fi jifa biyu da kai ba, yana kwance ta inda iska ke kai masa warinka. Ba layar zana gare shi ba, hanci ne da haƙuri. Hajiya, ki ce ya ƙaurace. Ɓacewa ta abin da ba ya da niyya ce, allura ke ɓacewa. Ƙauracewa kuwa ta mai rai ce da ya san abin da yake gudu. Kuma kyamarar nan ki kira ta kyamarar dako, aikin da take yi ke nan.

Mai Ƙamus:
Ƙaurace ta yi, ban da ja. Amma ku lura, shi Ɗan Maharba ya ƙirƙiro kyamarar dako yanzun nan kowa ya yi shiru, ni na kawo rassau an taso mini. In kalma ta fito daga bakin maharbi ta zama hikima, in ta fito daga wanda ya karanci ginin kalma ta zama ƙaƙale. Wannan raini ne ga ilimin harshe, kuma shi ya sa har yau muke bara a ƙofar Turanci.

Malamin Aji:
Ba raini ba ne Malam. Dako kowa ya san shi, kyamara kowa ya san ta, haɗawa kawai aka yi. Rassau sai an tsaya an yi bayani, minti 7 kuma Hajiya ke da su.

Wani Bakano:
Kuma wa ya ba zauren nan ikon raɗa suna? Akwai cibiyar nazarin harsuna a Jami'ar Bayero, can ya kamata a kai.

Ɗan Damagaram:
Ga shi nan kuma, Kano. A Yamai babu masana ne?

Uwar Shiri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan shiga da shi. A farkon rahoto zan ce wani naman daji na Amurka mai kama da mazo, da ake kira farar-jela, daga nan in ci gaba da farar-jela kawai. Namijin, riƙaƙƙen namiji; toro na bar shi saboda agwagwa, Baba ka yi haƙuri. Lokacin barbara. Kyamarar dako. Vanish kuma zan ce ɓacewa a bakin masu fili, ƙauracewa a bakin masu bincike, don bambancin shi ne labarin. Antlers ne har yanzu ban gamsu ba. Zan ce ƙaho mai rassa, in ƙara jimla ɗaya cewa yana faɗuwa duk shekara.

Ɗaliba a Misisifi:
Ƙaho ba daidai ba ne a ilmance, Anti, amma da wannan jimlar zai wuce.

Mai Ƙamus:
Ƙaho mai rassa. Kin ɗauki rassana kin bar sunan. To, a yi haka na wannan makon. Amma ranar da aka kawo miki rahoto a kan manyan danginsa na Kanada da Rasha, waɗanda jelarsu ba fara ba ce, ki dawo zauren nan ki gaya mini abin da za ki kira su.

Ɗan Maharba:
Riƙaƙƙen namiji ya yi tsawo a baki. Ni dai toro zan ci gaba da cewa. Wace tasha ce kuma ƙarfe nawa, Hajiya? Zan sa yara su kama mini.