Za a iya kama hayaƙin simintin Figil?

Mai Siminti, Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Siminti nake sayarwa a Garwa, yawancin buhunan shagona daga masana'antar Figil, a nan arewacin Kamaru, suke zuwa. Na ji a rediyo cewa a garin Brevik na ƙasar Norwe, wata masana'antar siminti ta fara kama iskar kabon, mai ɗumama duniya, tun daga bututun hayaƙi a 2025, ana kai ta a binne can ƙarƙashin teku. Kamaru kuwa ta yi alkawarin rage hayaƙinta da kashi 35 cikin ɗari zuwa 2030. Wannan dabara za ta kai mu? Abin yana damuna, don zafin Afrilu yanzu ya fi wanda muka sani muna yara, ga shi da siminti nake ciyar da iyalina.

Ɗalibar Kimiyya, Ngaundere:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ai siminti ne wurin da dabarar ta fi dacewa. Fiye da rabin kabon ɗinsa daga dutsen kansa yake fitowa: in aka gasa dutsen farar ƙasa, dole ya saki iskar, ko da wane makamashi aka hura wutar. Amma Brevik ma kusan rabin hayaƙinta aka tsara ta kama, tan 400,000 a shekara, kuma gwamnatin Norwe ce ta ɗauki mafi yawan kuɗin. Na'urar tana shan lantarki sosai, mu da in ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya da rani sai wuta ta yi ƙaranci.

Ɗan Njamena:
A Amurka yawancin kabon da aka kama cikin tsofaffin rijiyoyin mai ake tura shi, don ya ingizo sauran man. Ana iya tunanin rijiyoyin man Doba a nan Cadi, amma sai an ja bututu mai tsawo daga Figil, man da ya fito kuma ƙona shi za a yi.

Inna Mai Ƙosai, Marwa:
Ɗana, ni dai hayaƙin da nake gani na itace ne da gawayi, kullum amalanke na shigowa da su daga daji. A samar mana murhu mai tsimin itace da gas mai sauƙin kuɗi tukuna. Dogonyaron da ke inuwantar da titunan Marwa ma mutane ne suka dasa shi.

Mai Siminti, Garwa:
Allah ya saka, Inna. 'Yata ta Ngaundere, in an kafa na'urar a Figil, wa zai biya? Mai sayen buhu ɗaya don gyaran ɗakinsa ba zai iya ɗaukar ƙarin ba.